Masu Tayar da Tsohon Raleigh a Minna

A Minna, rumfar mai gyaran keke ba ta buƙatar allon talla. Tsohuwar taya rataye a reshen dalbejiya, kwanon ruwa da ya yi baƙi saboda neman hujin tub, famfo jingine da benci, sai akwatin katako cike da sipana da noti. Duk wanda ya bi ta Bosso, ko Kpakungu, ko Maitumbi, ko bakin Kasuwar Gwari, ya san irin wurin. Yawancin aikin yini faci ne da ɗaure birki da mayar da sarƙar da ta zame. Amma jefi-jefi akan turo musu aiki na daban: keken mahaifi ko na kaka, wanda aka ciro daga zaure ko bayan rumbu, tayoyi sun ruɓe, tsatsa ta ci kai da rim, mai shi kuma yana so a tayar masa da shi ya koma hanya. A irin wannan aiki ake rarrabe mai faci da mai gyara.

Ba abin mamaki ba ne a sami tsofaffin kekuna a garin. Minna garin jirgin ƙasa ne. Layin dogo da ya tashi daga Baro ya isa Kano a 1911 ta nan ya ratsa, a nan kuma layin Legas ya haɗe da shi. Ma'aikatan reluwe, malaman makaranta, malaman asibiti da na gona, duk mai albashi burinsa ya mallaki keke, kuma keken da ake nufi shi ne Raleigh, ƙirar birnin Nottingham na Ingila, mai tambarin kan zalɓe a goshi. Har lasin ake yankar masa a wurin En'e, a maƙala ɗan gwangwanin lamba a jikinsa. Kasuwarsa ta yi ƙarfi a Najeriya har kamfanin ya kafa masana'anta a Kano. Daga baya Phoenix na Sin da Hero na Indiya suka shigo da araha, da siffa iri ɗaya. Ƙarin albashin ma'aikata na Udoji a tsakiyar shekarun 1970, da zaman Minna babban birnin sabuwar Jihar Neja a 1976, suka ɗora ma'aikata a kan babur da mota, keke ya koma hannun manoma, masu tallan ruwa da 'yan makaranta. Sai da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, sannan mutane da dama suka tuna da abin da suka jingine a zaure.

Gogaggen mai gyara ba ya fara aiki da sipana. Zai tsuguna ya duba jikin keken tukuna, domin komai na keke ana iya sauya shi ban da jiki. Zai shafa ƙarƙashin karan da ya gangaro daga wuya. In ya ji ƙarfen ya tattare, ko ya ga fenti ya tsattsage a wurin, to keken ya taɓa karo, kuma ba zai sake tafiya a miƙe ba. Zai ɗaura zare daga mazaunin tayar baya, ya kewaya da shi ta wuya ya dawo ɗaya gefen, ya gwada ko tazarar zaren da karan sirdi daidai take hagu da dama. Tsatsar sama ba ta damunsa, sanfefa da kananzir za su ɗauke ta. Wadda yake tsoro ita ce ta ciki, a gindin feda, inda ruwan damina ke kwanciya, ga shi daminar Minna doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba. Idan jikin ya tsage, mai gaskiya zai gaya wa mai shi kada ya kai wa mai waldar lantarki. Da jan ƙarfe aka haɗa gaɓoɓin waɗannan kekuna a wutar gas, kuma wutar lantarki ƙona siririn ƙarfe take yi.

A nan ne kuma yake gane ko Raleigh ɗin na gaske ne, tunda tambari abu ne da ake cirewa a manna wa wani. Na asali yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfe, galibi kusa da mazaunin sirdi. Babban faifan sarƙa an huda shi da siffar zalɓe. Kafaɗar fok ɗinsa zagayayya ce, da murfi mai sheƙi a kowane gefe. Idan kuma mai giya uku ne na Sturmey-Archer, shekara da watan da aka ƙera hob ɗin suna rubuce a jikinsa, ba sai an yi gardamar shekarun keken ba.

Zaɓen kaya shi ne inda ake kashe tsohon keke, kuma yawanci da kyakkyawar niyya. Raleigh na Nottingham yana da zaren kusa nasa na kansa: zare 26 a kowane inci, a gindin feda da wuyan fok, alhali sauran kekunan Ingila da mafi yawan kayan da ke kasuwa a yau zare 24 ne. A ido ba a ganin bambancin. Kofin boris na kasuwa zai shiga zagaye biyu ko uku lami lafiya, sannan ya cije. Yaro mai ƙarfin hannu zai ɗauko dogon bututu ya ƙara wa sipana, ya murɗa har ya shige, ya miƙe yana murna. Ya cinye zaren da ya shekara hamsin lafiya, kuma babu kanti a Minna ko Kano da zai sayar masa da wani. Shi ya sa tsofaffin masu gyara ba sa yar da kofin Raleigh sai ya fashe. Za su wanke shi da kananzir, su duba hanyar boris ko ta yi rami, su zuba sababbin boris guda goma sha ɗaya a kowane gefe, su cika giris, su mayar. A ganina wannan haƙurin shi ne rabin sana'ar: sanin abin da za a sauya, da abin da ba a taɓawa.

Taya ma tana da nata tarkon. Abin da ake kira taya 28 iri biyu ne. Ta tsohon Raleigh da Phoenix da Hero, wato 28 x 1½, faɗin bakin rim ɗinta milimita 635 ne. Ta kekunan Turai na gwanjo, wadda ita ma akan rubuta mata 28, milimita 622 ce. Akwai ta 27 mai milimita 630 a tsakaninsu. Babu wadda ke hawa rim ɗin wata. Wanda ya tafi Kasuwar Kure sayen taya ba tare da ya karanta lambar da ke jikin tsohuwar ba, zai yi sawu biyu. Haka sipoki: tsofaffin kekunan Ingila suna da 32 a gaba, 40 a baya inda nauyi yake, rim ɗin kasuwa kuwa mafi yawa huji 36 gare shi. Don haka mai son ya riƙe hob na asali dole ya nemi rim da ya dace da shi, kuma rim ɗin ya kasance mai tudu a tsakiya, irin wanda birkin sanda ke kamawa ta ciki.

Birkin sandan nan ina da magana a kansa. Yana da ƙarko, babu wayar da za ta tsinke, kuma duk wani mai gyara a Paiko ko Gwada ko Beji zai iya daidaita shi. Amma roba a kan jiƙaƙƙen rim na ƙarfe ba ta kamawa sosai. Wanda ya ɗauro doya a kariya, yana gangara cikin ruwan Agusta, ya san haka a jikinsa. Masu son keke ya koma kamar ranar da ya fito daga kanti ba sa yarda a taɓa shi. Ni dai na fi son a sa sababbin robobi masu kyau, a miƙe rim sosai, a kuma gaya wa mai hawa gaskiya game da damina.

Sai kusar feda, 'yar ƙaramar aba mai gefe ɗaya a shafe, wadda ke riƙe hannun feda a jikin aksul. Ita ce ke sa tsohon keke ya riƙa ƙas-ƙas a kowane taku. Ta Ingila kaurinta milimita tara da rabi ne, kuma sau da yawa sai an goge shafaffen gefen da magagari kafin ta zauna. Biyun ana sa su ne a juye, ɗaya ta kalli nan ɗaya ta kalli can, in ba haka ba fedojin ba za su miƙe a layi ɗaya ba. Ana buga ta da guduma bayan an tokare hannun fedar da ƙarfe daga ƙasa, don kada bugun ya lotsa boris. Notin da ke bayanta riƙewa kawai yake yi. Wanda ya ce da shi zai ja kusar, zai tsinke shi. Fedar hagu kuwa zarenta a baibai yake, darasin da kowane yaron shago yake koya da kunnensa a hannun maigida.

Sirdin fata, in an yi sa'a na Brooks ne, ba a jiƙa shi da baƙin mai. Ɗan man kaɗe kaɗan ta ƙasa, a ɗan ja notin da ke ƙarƙashin hancinsa, a rufe shi da leda in hadari ya haɗo. Fenti ne ke zuwa a ƙarshe, kuma ba dole ba ne. Baƙin fentin asali mai siririn layin zinariya, ko ya koɗe, ya fi fentin gwangwani da zai ɓare kafin babbar Sallah.

Akwai wani rukunin kekunan da ke ƙara zuwa rumfunan nan: na doguwar tafiya, 'yan Kwatano, masu lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago, da giya goma ko fiye. Ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya masu zirga-zirga tsakanin Bosso da Gidan Kwano, da matasa masu motsa jiki da safe, su ne masu sayensu. Jikinsu ba nauyi, wasu ma an yi su da ƙarfen Reynolds 531, wanda aka fara fitarwa a 1935, kuma har yanzu masana keke suna girmama shi. Sai dai kowannensu da ƙa'idar ƙasarsu. Tsohon Peugeot na Faransa zarensa daban, kaurin wuyansa milimita 22 ne cif, na sauran kuwa 22.2. Sarƙar mai giya ta fi ta keken gida sirantaka, ba a musanya su. Wanda zai bi hanyar Bida ko ta Suleja da irin wannan keke, abin da ya kamata ya nema shi ne taya mafi faɗi da za ta shige fok, sipoki 36 da aka ja daidai, kariya mai ƙarfi, da giya mai sauƙi ta hawan tudu. Siririyar tayar tsere ba ta titinmu ba ce.

Ɗaurin sipoki shi ne ƙarshen karatu a wannan sana'a. Yaro yakan fara da buga iska, ya wuce faci da sholisho, ya koma birki, sannan a bar shi ya buɗe hob. Sai ya daɗe kafin maigida ya miƙa masa rim da hob da damin sipoki ya ce ya haɗa. Za ka ga dattijo ya kifa keke, yana juya taya da yatsa, yana ɗan murɗa nan kwata, can rabi, yana ƙyasta sipokin yana sauraron kukansa. Babu ma'auni sai babban yatsa da ya kafa a jikin fok. Matsalar ita ce yara ba sa zama su kai wannan matakin. Gyaran Bajaj da Keke Napep ya fi kawo kuɗin cefane, kuma babu mai ganin laifinsu, tunda mai keke zai biya kuɗin taya ba gardama amma ya tsaya ciniki a kan ladan wanda ya ɓata yini yana miƙe masa rim.

Kayan asali ma ƙarewa suke yi. Raleigh ya daina ƙera keke a Nottingham a 2002, Sturmey-Archer kuma ya koma hannun wani kamfanin Taiwan tun 2000. Abin da ya rage na zare 26 yana cikin akwatunan tsofaffin masu gyara da jikin matattun kekuna, waɗanda 'yan gwangwan ke saye a kan sikeli da farashin ƙarfe.

Saboda haka mai karatu, in akwai irin wannan keke a gidanku, kada ka bari ya hau kurar 'yan gwangwan. Kai shi wurin dattijon da zai duba jikinsa kafin ya ɗauki sipana, ka roƙe shi ya ajiye maka duk abin da ya cire, ka kuma biya shi ladan aikinsa ba tare da ja-in-ja ba.