Faɗuwar Tsoho Ba Irin Ta Yaro Ba Ce

Galibin 'yan Arewa mazauna Kurmi, ko a Agege da Idi-Araba a Ikko, ko Sabo ta Ibadan, ko Shagamu, sun san irin saƙon nan da kan zo daga gida: "Baba ya ɗan zame a makewayi, amma da sauƙi." Sai ɗa ya aika da kuɗin magani, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma kan sana'arsa. Bayan wata biyu ko uku sai wani saƙon ya biyo baya, na rasuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara ta sanadin faɗuwa. Watau in an ɗebe haɗarin mota, babu tsautsayin da ya kai ta kisa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki.

A ƙauye, tsoho yakan faɗi ne a wurin da ya fi sani. Ya fito alwalar Asuba cikin duhu, ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa ko igiyar akuya, ko kuwa santsin bakin rijiya ya kwashe shi da damina. A birni kuma ga matakalar bene, ga kwata a buɗe, ga 'yan acaɓa. Amma abin da ya kamata mutanenmu na Kurmi su lura da shi, shi ne wani lokaci kuɗin da suke aikawa ne ke sayo haɗarin. Ɗa ya samu buɗi, ya rushe ɗakin ƙasa, ya sa wa tsohuwa tayil mai sheƙi har cikin banɗaki don ya faranta mata. Alhali kuwa ƙafar da ta shekara 70 tana taka daɓe ba ta san tayil ba, balle in ruwa da sabulu sun zuba a kansa.

Jiki ma yana da nasa. Yanar ido takan hana tsoho ganin rami, ciwon suga yakan kashe jin tafin ƙafa, wasu magungunan hawan jini kuma sukan kawo jiri in mutum ya miƙe farat ɗaya. Ba a cewa a daina shan maganin, sai dai a gaya wa likita ya duba. Mata kuwa ƙashinsu yakan yi rauni bayan ɗaukewar al'ada, har faɗuwa daga kan kujerar tsugunno tana iya karya su.

Mafi muni ita ce karayar ƙashin ƙugu. Alamarta ba ta ɓuya: tsoho ya kasa tsayawa, ƙafar ta gajarce, tafinta ya juya waje. To, a nan ne ake kuskure, a ɗauko mai ɗori. Ƙashin nan yana can cikin tsoka, inda karan ɗori ba ya kaiwa. Sai a kwantar da tsoho wata da watanni, bayansa ya yi gyambo, ciwon huhu ya shiga, jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Yawanci kwanciyar ce ke kisa, ba karayar ba. Likitocin ƙashi sun fi son a yi aiki cikin kwana ɗaya ko biyu, a tashe shi ya fara takawa. Akwai asibitin ƙashi na tarayya a Dala ta Kano, da Igbobi a Ikko, da Enugu.

Haka kuma in kai ya bugu, ko da ba a ga jini ba. Jini yana iya taruwa a hankali cikin ƙoƙon kai, sai bayan makonni tsoho ya fara ruɗewa da yawan barci, mutanen gida su ce gigin tsufa ne, wasu ma su ce iska.

Mai zuwa gida hutun Salla zai iya duba waɗannan da idonsa: ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, fitila mai aiki da hasken rana a hanyar makewayi, sanda daidai tsawon mai ita, da takalmi mai kama ƙafa maimakon silifa da ya suɗe. In kuwa ido ne, ana cire yana a Asibitin Ido na Ƙasa da ke Kaduna da asibitin ido na ECWA a Kano, aikin da galibi ba ya kai awa guda.