Allurar Naƙuda da Masu Gaggawa

Wata al'ada ta yaɗu a ƙauyuka da unguwanninmu, wadda da zarar naƙuda ta jinkirta sai a aiki yaro kemis ya sayo allura, a soka wa mace a ɗakinta wai don a sauƙaƙa mata, alhali kuwa abin da ke cikin kwalbar, watau oksitosin, Allah Ya riga Ya halitta shi a ƙwaƙwalwarta, Ya kuma ƙaddara masa ma'auni da lokaci. Henry Dale na Ingila ne ya fara lura da aikinsa a kan mahaifa a 1906, kana Vincent du Vigneaud ya haɗa shi a Amurka a 1953.

Hikimar al'amarin tana cikin hutu, domin jiki yakan saki sinadarin bi da bi, mahaifa ta matse ta saki, kuma a cikin sakin nan ne jini ke komawa mabiyiya ɗan ya sami iska, tamkar zugazugin maƙeri, wanda in aka danne shi ba a ɗaga ba wutar mutuwa take yi. Allurar da aka ɗura gaba ɗaya ba ta san hutu ba. Ɗan ya galabaita, mahaifar wadda ta haihu shida ko bakwai kuma tana iya tsagewa, balle in ɗan a gicciye yake. Saboda haka ne a asibiti ake sa maganin cikin ruwan ƙari, ana ƙidaya ɗigo, ana sauraron zuciyar ɗan.

Babban muhallin allurar shi ne bayan ɗa ya faɗo, inda Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi umurni da ma'auni 10 don tsare zubar jini. Jaririn ma yana da nasa taimakon, gama tsotsonsa kan sa ƙwaƙwalwa ta saki oksitosin, nono ya zubo, mahaifa ta takura, wanda shi ne murɗawar marar da mai jego ke ji tana shayarwa. Masu hana jariri dakashi har kwana uku uwar suke tauye wa wannan rahama.

Maganin kuwa ana son a ajiye shi a sanyin digiri 2 zuwa 8, amma ga shi jere a kan kanta cikin zafin bazara, a kantin da ba firji, ana sayar wa duk wanda ya miƙa kuɗi, hukuma tana kallo.