Gida Mai Numfashi: Shawara ga Mai Gina Gidansa da Kansa

A ƙasashen da sanyi ke tsananta, irin su Kanada da Suwidin da Jamus, duk wanda ya tashi gina wa kansa muhalli yakan iske buƙatu biyu da ba sa ga maciji da juna. Yana son ya toshe kowace kafa domin kada ɗumin da ya saya da kuɗinsa ya tsere waje, yana kuma son iska mai kyau ta riƙa shigowa domin iyalinsa su shaƙa. In ya buɗe taga ya yi asarar zafi, in ya rufe ya yi asarar lafiya. Wannan maƙala za ta duba dabarar da masana suka ƙirƙiro don sasanta buƙatun nan, wato na'urar musayar iska mai ceto zafi, da abubuwan da ya kamata mai gini ya kiyaye kafin ya sa kuɗinsa a ciki.

Asalin matsalar

Kafin shekarar 1973 ba a cika damuwa da wannan batu ba. Makamashi na da araha, gidaje kuma cike suke da kafofi a gefen ƙofa da taga da ƙarƙashin rufi, saboda haka iska na shiga tana fita ba da izinin kowa ba. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabi a ƙarshen wannan shekara, sai mutane suka dukufa wajen liƙe gidajensu. Kuɗin ɗumama ɗaki ya ragu, amma sai wata sabuwar damuwa ta kunno kai.

Dalili kuwa shi ne, gidan da mutum huɗu ke zaune a ciki yakan tara tururin ruwa da ya kai kimanin lita 10 a kowace rana, daga numfashi da girki da wanka da shanya. Idan tururin nan bai sami hanyar fita ba, sai ya kwanta a kan gilashi da bango mai sanyi ya zama raɓa, daga nan fumfuna ta tsiro, katako ya fara ruɓewa, masu ciwon asma su shiga wahala. Ga kuma iskar kabon dayoksaid da muke fitarwa. A sarari, yawanta a yau bai wuce kashi 420 da 'yan kai cikin miliyan ba, amma a ɗakin kwanan da aka rufe ruf tana iya ninka haka sau da yawa kafin asuba. Tun a 1858 wani masanin tsabtar muhalli Bajamushe, Max von Pettenkofer, ya ba da shawarar kada ta haura kashi 1,000 cikin miliyan, kuma har yanzu ana amfani da wannan adadi a matsayin ma'auni. A wasu yankuna akwai ƙarin haɗarin iskar radon da ke tsattsafowa daga ƙasa, wadda ke cikin manyan abubuwan da ke haddasa sankarar huhu bayan taba.

A 1977 wasu injiniyoyi, ciki har da Harold Orr, suka gina wani gidan gwaji a birnin Rijaina na lardin Saskacewan a Kanada, inda sanyin hunturu kan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Sun liƙe gidan sosai, sannan suka haɗa masa na'urar da ke karɓe zafin iska mai fita ta miƙa wa mai shigowa. Daga baya, a 1991, aka kammala wasu gidaje huɗu a jere a Damstat ta Jamus bisa nazarin Wolfgang Feist da Bo Adamson na Suwidin, waɗanda suka zama mafarin tsarin ginin da ake kira Passivhaus. A wannan tsari, na'urar musayar iska ita ce huhun gida.

Darasi daga hancin raƙumi

Mai karatu da ya san raƙumi ya riga ya san rabin bayanin. Masanin halittar dabbobi Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa sun nuna a 1981 cewa cikin hancin raƙumi akwai lunguna masu faɗin gaske. Idan ya ja iskar dare mai sanyi da bushewa, sai ta sanyaya fatar lungunan ta kuma busar da ita. Idan ya zo fitar da numfashi mai ɗumi da laima, sai fatar ta karɓe ɗumin da laimar kafin su fice, ta ajiye su don iskar da za ta shigo a gaba. Da haka yake tattalin ruwan jikinsa a cikin sahara.

Na'urar da muke magana a kai ba ta yi nisa da wannan hikima ba. Akwati ce mai fanka biyu. Ɗaya na zuƙo gurɓatacciyar iska daga ɗakin girki da banɗaki ta kai waje, ɗaya na jawo sabuwa daga waje ta kai ɗakunan kwana da falo. A tsakiyar akwatin akwai ɗaruruwan siraran hanyoyi da aka yi da falle-fallen roba ko alminiyam. Iskokin biyu suna wucewa gefe da gefe, kowace ta nufi inda ɗayar ta fito, ba tare da sun gauraya ba. Zafi ne kaɗai ke ratsa fallen. Akwai kuma ƙananan na'urori na ɗaki guda waɗanda suka fi kama da hancin raƙumin: fanka ɗaya ce ke hura iska waje ta cikin wani dunƙulen tangaran mai ramuka na kimanin daƙiƙa 70, sannan ta juya ta jawo ta ciki.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce ɗaki yana kan digiri 20, waje kuma yana kan sifili. Na'urar da ke ceto kashi 85 cikin ɗari za ta shigo da sabuwar iska a kan digiri 17. Ana ƙiyasta wa kowane mutum kubik mita 30 na iska a awa guda, wato 120 ga mutum huɗu. Ɗumama wannan iska daga sifili zuwa 20 na cin wat 800 ko kusa da haka, dare da rana. Na'urar za ta ceto kusan wat 680 daga ciki, alhali fankokinta ba sa cin fiye da wat 50 zuwa 60. Riba ke nan wadda ta ninka jari fiye da sau goma.

Abin da mai gini zai kiyaye

Shawara ta farko, wadda ta fi sauran duka nauyi, ita ce a tabbatar gidan a liƙe yake. Sanya wannan na'ura a gida mai kafofi daidai yake da ɗibar ruwa da kwando, domin iska za ta bi ta kafofin ta bar na'urar tana juyi a banza. Akwai gwajin da ake yi: a ɗaura babbar fanka a bakin ƙofa, a zuƙe iskar gidan, a auna yawan wadda ke kutsowa. Tsarin Passivhaus bai yarda yoyon ya wuce kashi 60 cikin ɗari na iskar gidan a awa guda ba, a ƙarƙashin matsin faskal 50. Hikima ita ce a yi gwajin tun kafin a rufe bango da silin, lokacin da gyara bai wuce aikin yini ɗaya ba.

Na biyu, a sa hanyoyin bututu cikin taswirar gini tun ba a haƙa harsashi ba. Da yawa daga masu gina gida da kansu sai sun yi rufi suke tunawa da iska, daga nan a shiga fasa bango da lanƙwasa bututu ta kowane lungu. Kowace kwana tana rage ƙarfin iska tana ƙara ƙara. Bututu mai tauri, mai santsin ciki, gajere kuma miƙaƙƙe, ya fi mai lanƙwasuwa irin na maƙogwaro, ko da kuwa na biyun ya fi sauƙin sakawa. Ita kanta akwatin a ajiye ta a ɓangaren gida mai ɗumi, inda hannu zai kai gare ta ba sai an nemo tsani ba. Bututu biyu da ke haɗa ta da waje a naɗe su da abin hana sanyi, in ba haka ba za su riƙa gumi suna ɗiga. A nisanta bakin shigar iska daga bakin fitarta, a kuma kawar da shi daga wurin ajiye mota da bututun hayaƙi.

Batun ƙara ba abin rainawa ba ne. Na'urar da ta hana maigida barci, ƙarshenta a kashe ta, gidan da aka liƙe kuma aka kashe masa huhu ya fi gida mai kafofi haɗari. Don haka gara a sayi wadda ta ɗan fi buƙata girma a bar ta tana tafiya a hankali, a kuma sa mata maƙurar sauti a kan bututun da ke zuwa ɗakunan kwana.

Sauran ƙananan abubuwa ne, amma su ke kayar da aiki. A bar tazarar kamar santimita ɗaya a ƙarƙashin ƙofofin ciki domin iska ta ratsa. A haɗa bututun zubar da ruwan raɓar da ke taruwa cikin akwatin. Kada a haɗa mazuƙar hayaƙin murhu da ita, domin maiƙo zai toshe siraran hanyoyin. Bayan an gama, a kira mai ma'auni ya daidaita iskar kowane ɗaki, ta yadda mai shiga za ta yi daidai da mai fita. Matatun iska kuwa a duba su duk bayan wata uku zuwa shida.

To, mu fa?

A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, zafi muke gudu, amma lissafin ɗaya ne in an juya shi. A watan Afrilu, idan waje na kan digiri 40 kuma na'urar sanyaya ɗaki ta saukar da ciki zuwa 25, mai ceto kashi 80 cikin ɗari za ta shigo da sabuwar iska a kan digiri 28. Akwai ma irin da ke musayar laima tare da zafi, kamar Lossnay da kamfanin Mitsubishi Electric na Japan ya fitar a 1970, wadda cikinta takarda ce ta musamman. Irin wannan ta fi dacewa da damina. Matatarta kuma za ta tare ƙurar hunturu, sai dai za ta buƙaci sauyi akai-akai fiye da yadda ake yi a Turai.

Amma a ganina, mafi yawan masu gini a ƙasarmu ba su da buƙatarta. Amfaninta na ga ginin da ake sanyayawa dare da rana, kamar asibiti ko ɗakin gwaje-gwaje ko otal, inda wutar lantarki ba ta yankewa. In wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, gidan da aka liƙe ya zama tanda. Wanda ke tara bulo sannu a hankali daga albashinsa ya fi cin riba in ya sa tagogi masu fuskantar juna, ya ɗaga silin, ya bar ƙananan kafofi a can sama inda iska mai zafi ke taruwa, ya faɗaɗa bakin rufi domin bango ya sami inuwa. Maginan gargajiya da suka yi soraye da tubali sun san cewa bango mai kauri yakan shanye zafin rana ya jinkirta shigarsa har dare ya raba.

Abu guda da ya shafe mu kai tsaye shi ne haɗarin ɗakin da aka rufe ruf. A lokacin sanyi wasu kan shigar da kaskon gawayi ɗaki su toshe taga, wasu kuma kan kunna janareta a baranda ko cikin zaure saboda tsoron ɓarayi. Dukansu biyu suna fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi balle wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin, mai barci ya wuce bai farka ba. Babu na'urar musayar iska da aka ƙera don maganin wannan. Saboda haka tun a taswira a ware wa janareta ɗakinsa daban, nesa da tagogin kwana, bakin salansarsa yana kallon waje.