Mita a Hannun Mai Gyara, Bireka a Bango: Ina Aka Kwana a Samaru da Sabon Gari?

A da, kayan aikin mai gyaran wuta a Sabon Gari ba su wuce filaya da salatif da testa ba, 'yar sukundireban nan mai kawo ja idan ta taɓa waya mai wuta. Fis ya ƙone, a zaro silin waya a ɗaura, shi ke nan. Yanzu ko yaron shago za ka tarar da maltimita a jakarsa, wasu har da mitar da ake maƙala wa waya ta faɗi nauyin wutar da ke bi ta cikinta.

Bireka ce ta fara jawo wannan sauyi, domin ta kori fis daga sababbin gidaje. Fis in ya ƙone ido na gani, ita kuwa a rufe take ruf, sai an auna. Sola ta zo ta ƙarasa aikin. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, da tashin kuɗin wutar rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, da duhun da Arewa ta sha a Oktoban wannan shekarar sanadin lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, duk mai hali ya nemi inbata. Gida guda sai ka iske wutar KAEDCO da janareta da batir sun haɗu a allo ɗaya. Testa kuwa ba ta ko ƙyaftawa a kan batir mai bolt 24 ko 48.

An fi ganin amfanin awon a Samaru, a gidajen hayar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, inda rishon lantarki da hita da dutsen guga ke tashi lokaci guda. Bireka ta faɗi, a ce ta lalace. Idan aka maƙala mita aka ga amfiya 30 na bi ta birekar 20, an wanke ta: aikinta ta yi.

Sai dai akwai rina a kaba. A kan bireka, maltimita iyakarta ta ce wuta na wucewa ko ba ta wucewa. Ba ta san ko birekar za ta faɗi ranar da ake bukata ba. Abu biyu ke kayar da bireka: ɗan ƙarfen da zafi ke lanƙwasawa idan kaya sun yi yawa, da maganaɗisun da ke fizge ta nan take idan wayoyi suka haɗu. Gwada su sai da na'urar da ke ɗura wa bireka wuta mai yawa tana ƙirga lokaci, kuma kuɗinta ya fi ƙarfin mai ɗan shago. Birekar jabu, wadda cikinta makunni ne kawai, za ta ci jarrabawar maltimita lafiya lau. Haka birekar wutar NEPA da aka ɗora a layin batir, alhali wutar batir ba ta sauka sifiri sau 100 a daƙiƙa kamar waccan, don haka tartsatsinta ke wuyar mutuwa.

Mafi muni, a ganina, shi ne mai gidan da ya gaji da ƙorafin 'yan haya ya ce a sa masa babba. A ɗora birekar 63 a kan siririyar waya mai milimita 2.5, faɗuwa ta daina, waya ta riƙa dahuwa a cikin silin.

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke da alhakin duba wayarin, amma ɗakunan haya sun fi ƙarfin masu dubawa. Saboda haka, mai gida, kafin ka yarda a canza maka bireka, ka ce a maƙala mita ka ga lambar da idonka, sannan ka tambayi kaurin wayar da ke bayanta.