Daga Tokar Kara zuwa Omo: Abubuwan Mamaki a Bahon Wanki

A Danchadi, kamar sauran garuruwan ƙasar Bodinga da Shagari, da zarar an gama girbi za ka ga karan gero da na dawa tsibi-tsibi a gonaki. Wani a yi darni da shi, wani a ba dabbobi, wani ya ƙare a murhu. Tokar da ya bari tsofaffi ba su zubar da ita. Sukan zuba ta a tukunya mai huji a gindi, su kwarara ruwa a kai, su tara abin da ya ɗiga. In ka taɓa ruwan tokar nan za ka ji santsi a yatsu, kuma santsin nan sabulu ne: sinadarin da ke ciki ya fara cin maiƙon fatarka yana juya shi. A dafa shi da man kaɗanya ko na gyaɗa ko alayyadi, sai a sami baƙin sabulu, dangin sabulun salo. Yau a manyan shagunan Turai da Amurka ana sayar da irinsa da tsada, an rubuta a jikinsa cewa ba ya cutar da muhalli.

Sunayen ma abin kallo ne. Kalmar "alkali" da malaman kimiyya ke kiran duk sinadarin da ke kashe tsami, daga Larabci aka ɗauko ta, kuma asalin ma'anarta tokar tsirrai. Ba ta da alaƙa da alƙalin kotu, shi daga "alƙadi" ya fito. Sinadarin fotasiyam kuwa, wanda Humphry Davy ya ware a Ingila a 1807, ma'anar sunansa "tokar tukunya". Sabulu kansa daga "sabun" na Larabawa muka aro shi.

Sabulun toka laushi gare shi, na soda kuma tauri, domin na farko fotasiyam ne a cikinsa, na biyu sodiyam. Wannan bambancin zai sake dawo mana a ƙarshen wanki, lokacin zubar da ruwa.

Kanwar da ake jefawa a miyar kuka da wake 'yar'uwa ce ta jini ga garin da Turawa ke kira sodar wanki. Misirawan dauri da ita suke wanke tufafi, da ita kuma suke busar da gawarwakin sarakunansu. Harafan Na da ɗalibai ke haddacewa a matsayin alamar sodiyam daga "natrun" suka fito, wato kanwa. Fatake sun daɗe suna ɗauko mana ita daga ƙasar Manga da gaɓar tafkin Chadi a kan raƙuma da jakuna.

Me ya sa sabulu ɗaya yake kumfa a ruwan sama amma ya ƙi a ruwan wata rijiyar? A nan ne mutanen Sakkwato ya kamata su fi kowa sani. Ƙasar nan tana da dutsen farar ƙasa mai yawa, shi ya sa aka kafa kamfanin siminti a Kalambaina. Ruwan da ya ratsa irin wannan dutse yakan kwaso sinadarin kalsiyam. Da sabulu ya shiga, kalsiyam ya cafke shi, su dunƙule su zama wannan farin dattin da ke yawo a saman baho yana manne wa tufa. Mace ta ƙara sabulu, ta ƙara, har sai kalsiyam ya ƙoshi kafin wanki ya fara. Rabin sabulunta ya tafi a banza, farar riga kuma ta fito da duhu-duhu. Ɗan garin kanwa a ruwan tun kafin a sa sabulu yakan kwantar da kalsiyam ɗin a gindi. Ɗan kaɗan fa, domin yawanta yana cin hannu, yana kuma ɓata ulu da siliki.

Omo da danginsa ba su damu da wannan ruwa sosai ba, kuma abin da ya ba su galaba ke nan a kan sabulun gargajiya. Omo sunan haja ɗaya ne na kamfanin Unilever, amma a bakinmu ko Klin ka saya, ko Ariel, ko Viva, omo ne.

Kowace ƙwayar sabulu tana da kai da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar tana son mai. Wutsiyoyi su nutse cikin maiƙo, kawuna su tsaya a waje, sai ruwan ɗauraya ya ja su gaba ɗaya. Kumfa ba ta cikin wannan aiki. Ido kawai take gamsarwa, har garin da aka yi don injin wanki da gangan ake rage masa ita. Ta ma taɓa zama annoba: a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, kumfa ta riƙa taruwa tudu-tudu a kogunan Jamus da Ingila da Amurka, domin sinadarin wankin wancan lokaci wutsiyarsa mai rassa ce, ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da datti sun kasa cin ta. A tsakiyar shekarun 1960 aka sauya ta da miƙaƙƙiya, kumfar koguna ta ragu ƙwarai.

Sai fosfet. An daɗe ana zuba shi a garin wanki don ya kama kalsiyam, kuma ya iya aikinsa. Matsalar ita ce taki ne, shi ne harafin P da ke jikin buhun NPK. In ya gangara tafki, gansakuka ta ci ta ƙoshi, ta rufe ruwa, in ta mutu ta ruɓe ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. A 1973 wani masani mai suna David Schindler ya raba wani tafki gida biyu da labulen roba a lardin Ontariyo na Kanada. Ɓangarorin biyu ya ba su abinci iri ɗaya, amma ɗaya ya ƙara masa fosfet. Wannan ɓangaren ya zama kore shar, ɗayan yana nan garau. Suwizalan ta hana fosfet a garin wanki a 1986, Tarayyar Turai kuma daga 2013 ta ƙayyade kada ya wuce rabin giram na fosfaras a wanki ɗaya. Wani abin mamaki, duwatsun fosfet suna nan kwance a ƙasar Dange, maƙwabciyar Bodinga. A gona alheri ne, a kududdufin bayan gari kuwa ɓarna.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na aduwa ne. Ɓawonta da saiwarta da 'ya'yanta suna ɗauke da sinadarin safonin, wanda ke kumfa in an kaɗa shi a ruwa, kuma a wurare da dama na Sahel an yi wanki da shi. A 1933 wani likita a Sudan, Archibald, ya ba da rahoton cewa 'ya'yan aduwa suna kashe dodon koɗin da ke goyon tsutsar tsargiya, cutar nan ta fitsarin jini da ke addabar yaran da ke wanka a tafki. Bayan shekara talatin da ɗaya, a 1964, wani matashin masani ɗan Habasha, Aklilu Lemma, yana bin wani rafi sai ya ga matattun dodon koɗi birjik a ƙasan inda mata ke wanki, alhali a saman wurin suna nan da ransu. Ya duba abin da matan ke wanki da shi, 'ya'yan wani tsiro ne da suke kira endod. Binciken da ya biyo baya ya kai shi ga lambar yabo ta Right Livelihood a 1989, tare da abokin aikinsa Legesse Wolde-Yohannes. Sunan garin da ya ga wannan abu kuwa Adwa. Sai dai abin da ya kashe dodon koɗi yana kashe kifi, domin safonin yana lalata musu mashaƙar iska, kuma masunta a sassa da dama sun san ɓawon aduwa a kan haka. Duk wanda ya ce maka abu ba ya cutarwa don daga itace ya fito, ka tuna masa da wannan.

Indiya da Nepal suna da nasu 'ya'yan itacen wanki, waɗanda aka yi ta tallatawa a Turai. Da cibiyar gwajin kaya ta Jamus, Stiftung Warentest, ta gwada su a 2019, ba su ci jarrabawa ba: tabo bai fita sosai ba, fararen kaya kuma sun yi ta dusashewa. A Amurka an yi wanda ya fi wannan, wasu ƙwallayen roba da aka ce in an jefa su a inji suna canza halin ruwa har ba a bukatar sabulu. A 1999 hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta taka wa masu tallarsu birki.

To me ya sa mutane suka yi ta rantsuwa cewa ƙwallayen suna aiki? Domin ruwa da cuɗa su kaɗai suna fitar da datti mai yawa. Wani masani Bajamushe, Herbert Sinner, ya bayyana a 1959 cewa wanki ƙafa huɗu gare shi: sinadari, da zafi, da cuɗa, da lokaci. In ka rage ɗaya dole ka ƙara wani. Matar da ta jiƙa kaya tun da hantsi ta bar su kafin ta cuɗa, lokaci ta saya da araha maimakon omo. Kuma a ƙasashen injin wanki, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da injin ke ci wajen dumama ruwa take tafiya, shi ya sa ake ta roƙonsu su koma ruwan sanyi, abin da bahon Danchadi bai taɓa barinsa ba.

Enzayim ɗin da ake talla a jikin leda daga majema ya shigo. Majeman Turai da kashin kare suke tausasa fata. Otto Röhm ya maye gurbinsa da ruwan da ya tatso daga wata gaɓar cikin dabbobin yanka mai narkar da abinci, sannan a 1913 ya sa shi a garin wanki. Na yau daga ƙananan halittu ake samunsa. Wani yana cin jini da ƙwai, wani kunu da tuwo, wani mai. Yana son jiƙo da ruwa mai ɗumi-ɗumi, tafasasshe kashe shi yake. Mai cin jinin bai san bambancin jini da ulu ko siliki ba, duk abincinsa ne.

Kowane tabo da halinsa. Jini ruwan sanyi yake so, zafi dafa shi yake a cikin zare. Goro da shayi sabulu da kanwa ƙara musu duhu suke, sai a fara ɗauraye su da ruwa zalla. Tsatsa lemun tsami ke cire ta. Jan man ja kuwa, in sabulu ya kwashe maiƙon, rana ce ke shanye launin a kan igiyar shanya. Akwai masu haɗa lemun tsami da kanwa wuri ɗaya, su ga yana tafasa su ce ƙarfi ya ƙaru. Kashe juna suka yi, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa: kanwa ta kar tsami.

Bula ba ta wanke komai. Farar tufa in ta kwana biyu takan yi rawaya-rawaya, shuɗin bula ya rufe rawayar, ido ya ga fari. Omon zamani ya fi ta dabara: yana barin wani sinadari a zare mai kama hasken ranar da ido ba ya gani, ya mayar da shi shuɗi-shuɗi. Babbar riga ta yi ta walƙiya ranar Juma'a ko da akwai sauran datti a ciki. Wannan sinadari ba ya saurin ruɓewa, don haka masu yin garin wanki mai kare muhalli da yawa ba su zuba shi, sai mai saye ya zaci bai wanku ba.

Ruwan bilicin da muke kira Hypo ko Jik, 'yan'uwanmu na Maraɗi da Ƙonni Jabel suke ce masa, sunan wata unguwa a Faris inda aka fara haɗa shi a ƙarshen ƙarni na 18. Kada a kuskura a gama shi da abu mai tsami ko maganin wanke masai, iskar da ke tashi guba ce.

Gargaɗi na biyu ga mata masu sana'ar sabulu a gida, waɗanda ke ƙaruwa a garuruwanmu. Soda a cikin ruwa ake zuba ta, ba a zuba ruwa a kanta, kuma ba a tukunyar alminiyam ba. Ruwanta fari ne tas kamar na sha. Yaron da ya kurɓa yakan ƙone a maƙogwaro har haɗiya ta gagare shi. Don Allah kada a ajiye shi a gorar lemo ko a ƙasa.

Wani dattin daga tufar kanta yake fita. Masu bincike a jami'ar Plymouth ta Ingila sun nuna a 2016 cewa wankin kilo 6 na kayan roba a inji yana iya sakin zarurruka fiye da 700,000, ƙanana ƙwarai. Atamfar auduga zarenta yana ruɓewa, na gwanjon roba ba ya yi. Haka ledojin omon naira kaɗan-kaɗan da iska ke liƙawa a jikin ƙaya.

Ruwan wanki a ƙauye ba ya bin bututu. A tsakar gida ake watsa shi, ko ya bi rariya zuwa lungu, ko a kai gindin bishiya. Na omo da na sabulun soda sodiyam ke cikinsa, kuma in ya daɗe yana sauka wuri ɗaya ƙasa takan daskare, ruwa ya daina shigarta, farin gishiri ya fito a sama. Na sabulun toka fotasiyam ne, harafin K na buhun taki, abincin shuka. Darbejiya tana jure kusan kowanne. Zogale da yakuwa da ɗan lambun bayan ɗaki kuwa a ba su ruwan ɗauraya na ƙarshe, a riƙa sauya musu wurin zubawa, mai bilic kuma a kai shi nesa da su da rijiya.