Yadda Za Ka Gano Matsalar Sienna Ko Sharan Da Wayarka

Duk mai ɗaukar fasinja daga Tafoki zuwa Funtuwa ya san mota ta mutu a hanya da magariba ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Tsohuwar Sienna ko Sharan idan ta fara shaƙewa, yawanci wuta ce ko mai, kuma wayarka za ta iya bambance maka.

Nemi ƙaramar na'urar ELM327. Jona ta a soket mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ka haɗa ta da waya ta Bluetooth, sannan ka buɗe manhajar Torque.

Fara da batir. Mota a kashe ya nuna kusan volt 12.6, a kunne kuma 13.5 zuwa 14.5. Idan bai kai ba, ko lambar P0562 ta fito, duba kan batir, fiyus da altaneta.

P0171 kuwa na nufin iska ta rinjayi mai. Ko iska na kutsawa ta tsagaggen tiyo, ko filta ta toshe da dattin man bumburutu, ko famfon mai ya gaji.

Kada ka goge lambar. Ɗauki hotonta ka nuna wa bakanike, don kada a canja maka abin da lafiyarsa ƙalau.