Tohon Itatuwa da Ciwon Kaska a Ƙasashen Turawa

Duk wanda ya yi kiwo ya san kaska, ya san yadda take manne wa shanu da raƙuma tana shan jini. To, a ƙasashen sanyi, watau Turai da Amurka, akwai wata irin kaska wadda ba ta tsaya ga dabbobi ba. Ƙaramarta ba ta kai ƙwayar gero ba. Takan laɓe cikin ciyawa da busasshen ganye, ta hau mutum bai sani ba, ta bar masa ciwo mai wuyar rabuwa. Saboda wahalar wannan ciwo wani ciniki ya kafu can, na ruwan tohon itatuwa cikin 'yan kwalabe. Tun da yake hajar Turai ba ta da wuyar isowa kasuwa, ya kamata malamai da fatake su san asalin al'amarin.

Cikin shekarar 1975 aka ga yara da yawa suna fama da kumburin gwiwa a wani ƙaramin gari mai suna Laim, cikin jihar Konetikat ta Amurka. Waɗansu mata biyu suka kai kuka ga hukumar lafiya, likitocin jami'ar Yale suka shiga bincike, ciwon kuwa ya ɗauki sunan garin. Sai a 1982 wani masani, Willy Burgdorfer, ya bayyana ƙwayar cutar, siririya ce murɗaɗɗiya kamar igiya. Kaska kan ɗauko ta daga ɓerayen daji, kuma galibi sai ta wuce kwana guda manne da mutum kafin ta zuba masa ita.

Alamar farko jan tabo ne mai faɗaɗa, wani lokaci da zobe a kewaye, yakan fito tsakanin kwana 3 da 30 bayan cizo, tare da zazzaɓi da ciwon kai da kasala. Idan aka yi sakaci, cutar ta bi jini ta kama gaɓoɓi, ko ta karkatar da fuska, ko ta rikita bugun zuciya. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta a 2021 cewa ana yi wa mutum wajen 476,000 maganin wannan ciwo kowace shekara. In an kama shi da wuri, ƙwayoyin asibiti irin su doxycycline na kwana 10 zuwa 14 sukan warkar da mafi yawan mutane sarai.

Amma akwai ragowa. Kimanin mutum 5 zuwa 10 cikin ɗari, bayan sun gama shan magani, sai gajiya da ciwon jiki da mantuwa su zauna musu har fiye da wata shida. Likitoci suka gwada tsawaita magani, kwana 90 a Amurka cikin 2001, mako 12 a Holan cikin 2016, ba a ga ya fi ƙwayar da babu magani cikinta ba. Ga majinyaci yana nishi, ga likita ba shi da abin ƙarawa. Nan masu ruwan toho suka sami ƙofar shiga.

Wanda ya fara wannan hanya wani likita ne ɗan ƙasar Baljiyam, Pol Henry, wanda ya rayu daga 1918 zuwa 1988, sa'an nan wani likitan Faransa, Max Tétau, ya yaɗa ta. Hujjarsu ita ce toho jaririn itace ne, ganye da fure da reshe duk suna naɗe cikinsa, saboda haka ƙarfin itacen gaba ɗaya yana tattare a nan. Akan tsinko shi a ƙarshen hunturu tun bai buɗe ba, a jiƙa shi ɗanye cikin ruwa da barasa da gilisarin kamar mako uku, a tace. Waɗansu kuma sukan tsinka shi, kashi ɗaya cikin goma. Ana sha ɗigo-ɗigo cikin ruwa. Suna ba da tohon ɓaure domin ciki da damuwa, na zaitun domin gudun jini, na inabi domin gaɓoɓi.

Magana ce mai daɗin ji, amma likitoci ba da daɗin magana suke auna magani ba. Sukan raba majinyata kashi biyu, a ba waɗannan maganin, a ba waɗancan abin da ya yi kama da shi, ba wanda ya san nasa, kana a ƙidaya waɗanda suka warke. Har yanzu babu gwaji irin wannan da ya nuna ruwan toho yana kashe ƙwayar ciwon Laim, ko yana kawar da ragowarsa. Abin da ke hannun masu sayarwa shi ne shaidar waɗanda suka sha suka ce sun ji sauƙi. Alhali kuwa ciwon nan halinsa ke nan, ya taso ya lafa, kuma da yawa sukan sami sauƙi da kansu in lokaci ya tsawaita. Wanda ya sha ɗigo ranar da ciwo zai lafa, lalle ɗigon zai gode wa.

Wannan ba raina itatuwa ba ne. Kwinin daga ɓawon itace aka samo shi. A 2020 ma masanan jami'ar Johns Hopkins sun gwada ruwan tsirrai iri-iri kan wannan ƙwayar cuta, suka ga wani tsiro na ƙasar Gana, nibima, wanda mutanen can ke dafa saiwarsa domin zazzaɓin cizon sauro, yana kashe ta. Sai dai cikin kwalbar gwaji ne, ba cikin jikin mutum ba, su da kansu suka ce da sauran aiki.

Haɗarin dogara ga toho kashi biyu ne. Na farko, mai sabon cizo ya tsaya shan ɗigo har kwanakin da magani ke ci su wuce. Na biyu, mai gajiya da ciwon gaɓoɓi ya ɗora laifi kan kaska, alhali ciwon suga ne ko ƙarancin jini ko daji ke cinsa. An sami waɗanda aka daɗe ana yi musu maganin Laim, daga baya aka gano daji ne.

Ko a Afirka ta Yamma kaska ba ta bar mutane ba. A Sanagal da Mali da Muritaniya akwai wata mai zama cikin ramukan ɓeraye, tana kawo zazzaɓi mai tafiya ya dawo, ana ɗaukarsa na sauro ne. Ƙwayarsa 'yar'uwar ta Laim ce, maganinsa kuma na asibiti ne.

Saboda haka ɗan kasuwar da aka kawo wa kwalaben nan ya karanta abin da ke rubuce a jikinsu, ya gaya wa mai saye akwai barasa ciki, kada kuma ya yi alkawarin warakar da ba a tabbatar ba. Matafiyin da ya shiga dajin Turai ko Amurka ya rufe ƙafafunsa, ya duba jikinsa da maraice. In ya ga kaska, ya kama ta da matsefata dab da fata, ya ja a hankali, kada ya ƙona ta. In tabo ko zazzaɓi ya biyo baya, ya nufi likita, ya faɗa masa ƙasar da ya je da ranar cizon. Allah Ya kiyaye, amin.